George Romero, daraktan da ya tayar da matattu da jarin mutum goma

George Andrew Romero marubuci ne kuma daraktan fina-finan tsoro, ɗan ƙasar Amurka. An haife shi ranar 4 ga Fabrairu 1940 a unguwar Bronx ta birnin New York, ya rasu ranar 16 ga Yuli 2017 a Toronto ta ƙasar Kanada. Duk wanda ya taɓa kallon fim ko wasan bidiyo inda gawawwaki ke tashi suna tafiya taga-taga, suna neman naman masu rai, ba su kuma faɗuwa sai an harbe su a ka, to gadon Romero ya gani ko da bai taɓa jin sunansa ba. Fim ɗinsa na farko, Night of the Living Dead, wanda masu kallo da Faransanci suka sani da La Nuit des morts-vivants, ya fito a 1968. An yi shi da kuɗin da bai kai na abincin ma'aikatan wani babban fim na yau ba, ya tara miliyoyi, amma waɗanda suka yi wahalarsa kusan ba su ga komai ba saboda kuskuren layi ɗaya na rubutu. Mafi yawan shekaru hamsin da ya yi yana aiki, a wajen Hollywood ya yi su, yana fafutukar neman jari fim bayan fim.

Tasowa da koyon sana'a

Mahaifinsa mai zanen tallace-tallace ne da ya taso a Kyuba, mahaifiyarsa kuma ƴar asalin Lituweniya ce. Fim ɗin da ya fara ɗauke masa hankali ba na tsoro ba ne: The Tales of Hoffmann ne na 1951, fim ɗin waƙa da rawa na Ingila. Yakan shiga jirgin ƙasa ya je Manhattan ya yi hayar naɗin fim ɗin don ya kalla a gida. Ya sha ba da labarin cewa idan ya je bai samu ba, to wani yaro ne ya riga shi ɗauka, yaron kuwa shi ne Martin Scorsese, wanda ya zama babban darakta daga baya. Abin da ya burge Romero a fim ɗin shi ne ana iya gane yadda aka yi dabarun, har yaro ya ji cewa shi ma zai iya gwadawa. Yana ɗan shekara 14 ƴan sanda suka kama shi, saboda ya cinna wa mutum-mutumi wuta ya jefo shi daga saman bene yana ɗaukar hoto da ƙaramar kyamara.

Karatu ne ya kai shi Pittsburgh a jihar Pennsylvania, inda ya shiga makarantar da a yau ake kira jami'ar Carnegie Mellon. A wancan lokacin Pittsburgh garin masana'antun ƙarfe ne, babu ruwansa da harkar silima. Can ya zauna, ya kafa wani ƙaramin kamfani da abokansa mai suna The Latent Image a farkon shekarun 1960. Aikinsu tallan talabijin ne: giya, sabulun wanki, kayan gwangwani. Ya kuma ɗauki gajerun shirye-shirye wa Fred Rogers, mai shahararren shirin yara na talabijin, ciki har da wanda aka nuna Rogers zai shiga tiyatar maƙogwaro, wanda Romero yakan yi raha ya ce shi ne fim mafi ban tsoro da ya taɓa yi.

A tallan nan ne ya koyi abin da ya riƙe shi har tsufa. Talla na daƙiƙa talatin ba ya jure ɓata lokaci, dole kowane hoto ya yi aiki. Romero ya saba ɗaukar hotuna gajeru masu yawa daga kusurwoyi daban-daban, sannan ya zauna da kansa ya yanka ya haɗa. Mai ƙaramin jari ba ya da na'urorin da za su yawo da kyamara, saboda haka a teburin haɗawa yake samar da motsi da fargaba.

Daren da ya canza fim ɗin tsoro

A 1967 Romero da abokinsa John Russo da Russell Streiner da wasu suka yanke shawarar yin dogon fim. Mutum goma suka haɗu, kowa ya zuba dala 600, dalar Amurka ke nan ba dalar sefa ba, suka sa wa kamfanin suna Image Ten. Dala 6,000 ba ta kai su ko'ina ba, sai da suka nemo ƙarin masu zuba jari, har kuɗin ya tsaya a wajen dala 114,000. Sun zaɓi fim ɗin tsoro ne don lissafi kawai: shi ne irin da ake iya sayar wa gidajen silima ba tare da fitaccen ɗan wasa ba.

Komai na fim ɗin rashin kuɗi ne ya tsara shi. An ɗauka a baƙi da fari domin fim mai launi ya fi ƙarfinsu. An samu wani tsohon gidan gona kusa da Evans City wanda ake shirin rushewa, don haka suna iya fasa shi yadda suka ga dama. Jinin da ake gani ruwan shokola ne, wanda a baƙi da fari ba a bambanta shi da jini. Naman da gawawwakin ke ci kuwa gasasshen naman alade ne da kayan ciki da wani mahauci daga cikin masu jarin ya kawo. Masu jarin su ne ƴan wasa, su ne masu kwalliya, su ne masu ɗaukar kaya. Karl Hardman, ɗaya daga cikin furodusoshin, shi ya fito a matsayin Harry Cooper, ƴarsa ta cikinsa ce kuma ta fito a matsayin ƴar Cooper. Mutanen gari suka zo suka zama gawawwaki. Romero da kansa ya riƙe kyamara, shi ya kuma haɗa fim ɗin.

Labarin gajere ne. Wata budurwa mai suna Barbra da ɗan'uwanta Johnny sun je ziyarar kabarin mahaifinsu, wani mutum mai tafiya kamar maye ya far musu. Barbra ta tsere zuwa wani gidan gona, inda wani matafiyi mai suna Ben ya same ta, ya shiga toshe ƙofofi da tagogi da katako. Ashe akwai mutum biyar ɓoye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa: Cooper da matarsa da ƴarsu da aka ciza, da wani saurayi da budurwarsa. Daga nan rigima ta koma cikin gida. Cooper ya dage a koma ƙasa a kulle, Ben ya ce ramin tarko ne, gara a tsaya sama inda ake da hanyar gudu. Rediyo da talabijin suna ta kawo bayanai, masana suna zargin wani tururi daga kumbon da ya dawo daga duniyar Zahra, amma fim ɗin bai taɓa tabbatar da dalili ba. Yunƙurin zuba wa mota mai ya ƙare da gobara, saurayi da budurwar suka mutu. Ben ya harbe Cooper. Yarinyar ta mutu ta tashi, ta ci naman ubanta, ta kashe uwarta da cokalin magina. Johnny, wanda ya riga ya zama gawa mai tafiya, shi ya ja Barbra cikin taron.

Ben kaɗai ya kai safiya, kuma a ina ya tsira? A ɗakin ƙasan nan da ya yi ta zagin Cooper a kansa. Da gari ya waye ƴan banga suka iso da bindigogi da karnuka suna share yankin. Ben ya leƙo ta taga, ɗaya daga cikinsu ya auna goshinsa ya harbe shi. Fim ɗin ya rufe da hotuna marasa motsi, irin na jarida, ana jan gawarsa da ƙugiya zuwa tarin da za a ƙona.

Abin da ya ba wannan ƙarshe nauyi shi ne wanda ya fito a matsayin Ben. Duane Jones baƙar fata ne, malamin makaranta mai zurfin karatu, wanda ya yi karatu a Sorbonne ta Paris, ya kuma taɓa zama a nan Nijar ƙarƙashin shirin musayar malamai na gidauniyar Phelps-Stokes. A rubutun farko Ben direban babbar mota ne mai kaushin baki, ba a kuma ambaci launin fatarsa ba. Jones ya gyara maganganun, ya mayar da shi mutum mai natsuwa da iya magana. Romero ya nace har ƙarshen rayuwarsa cewa sun ɗauke shi ne don ya fi kowa iya wasan a ranar gwaji. Ko da haka ne, ƴan kallo na 1968 sun ga abin da ba su saba gani ba: baƙin mutum yana ba turawa umarni, yana bugun wanda ya ƙi ji, shi ne mai hankalin gidan, sannan gungun turawa masu bindiga su kashe shi ba tare da tambaya ba. Romero ya ce a daren da shi da Streiner suka ɗauki fim ɗin a bayan mota za su New York neman mai saye, a rediyon motar suka ji an kashe Martin Luther King. Ranar 4 ga Afrilu 1968 ke nan. Jones ya ci gaba da koyarwa da wasan dandamali, ya fito a Ganja & Hess a 1973, ya rasu a 1988 yana da shekara 51.

An fara nuna fim ɗin ranar 1 ga Oktoba 1968 a Pittsburgh, wata ɗaya kafin Amurka ta soma tsarin kasa fina-finai bisa shekarun mai kallo. Saboda haka aka riƙa nuna shi da rana, yara suna shiga da kuɗin alewarsu. Roger Ebert, ɗan jaridar Chicago, ya rubuta yadda ya ga yara sun shigo suna ihu da dariya, can sai silima ta yi tsit, wata yarinya ƴar kimanin shekara tara tana zaune tana kuka. Mujallar Variety ta yi tir da fim ɗin. A Turai ne aka fara ɗaukarsa da daraja: ya isa Faransa a 1970, mujallar Cahiers du cinéma ta karanta shi a matsayin hoton Amurkar da ke yaƙi a Biyetnam kuma take yaƙi da kanta a gida. A 1999 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin jerin fina-finan da ƙasa za ta adana.

Layin da ya ɓace

Sunan da suka ba fim ɗin da farko shi ne Night of the Flesh Eaters, wato daren masu cin nama. Kamfanin Walter Reade da ya karɓi rarraba shi ya canza sunan, ya cire allon farko ya sa sabo. A tsohon allon ne alamar haƙƙin mallaka take, ba a kuma mayar da ita a sabon ba. Dokar Amurka ta wancan lokaci ta ce duk aikin da aka fitar babu wannan alama ya zama na kowa. Shi ke nan. Duk mai kwafi ɗaya yana iya buga dubu ya sayar, ko ya nuna a talabijin, ba ya biyan kowa ko sisi. Ana ƙiyasta cewa fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 30 a duniya, amma abin da ya shiga hannun mutum goman nan kaɗan ne. Sun kai kamfanin ƙara kan kasonsu, shari'a ta ja shekaru, kamfanin kuma ya durƙushe.

Asarar tana da wata fuska. Da yake fim ɗin kyauta ne, babu tashar talabijin ko mai sayar da kaset da bai yi amfani da shi ba, har ya kai inda talla ba za ta taɓa kai shi ba. Haka kuma siffar dodon da Romero ya ƙirƙira ta zama gonar gandu, kowa ya shiga ya noma. Da alamar nan ta tsaya a wurinta, da wataƙila Romero ya mutu attajiri, da wuya kuma a sami ɗaruruwan fina-finan da suka biyo sawunsa.

A nan ya kamata a fayyace kalmar zombi, domin ko sau ɗaya ba a furta ta a fim ɗin 1968 ba. Zombi na asali daga al'adun Haiti yake, tushensa kuma yana komawa ga bayin da aka kwasa daga Afirka: gawa ce da boka ke tayarwa don ta yi masa bauta a gonar rake. Tsoron da ke ciki shi ne bautar da ko mutuwa ba ta ƴanta mutum daga gare ta. Haka Hollywood ta nuna shi tun White Zombie na 1932. Na Romero ba su da ubangida, ba su yi wa kowa aiki, maƙwabta ne da dangi da suka mutu jiya. Shi da kansa ya amsa cewa ya ɗebo tunanin daga littafin I Am Legend na Richard Matheson na 1954. Ƴan jarida ne suka laƙaba musu zombi, shi kuma ya karɓa daga baya.

Shekarun fari

Romero bai so a ɗaure shi da tsoro ba. Fim ɗinsa na biyu, There's Always Vanilla na 1971, na soyayya ne, ya faɗi, shi kansa yana kiransa mafi muni a ayyukansa. Season of the Witch, kan wata matar aure da zaman gida ya gundura ta shiga tsafi, mai rarrabawa ya daddatse shi ya sayar da shi kamar fim ɗin batsa. The Crazies na 1973 ya nuna ƙaramin gari da cutar da sojoji suka ƙirƙira ta gurɓata ruwansa, sojoji masu fararen kaya da takunkumi suka zo killace mutane, har mai kallo ya rasa wa ya fi haɗari tsakanin masu cutar da masu maganinta. Shi ma bai yi kasuwa ba. Don biyan bashi ya koma yin shirye-shiryen talabijin kan ƴan wasannin motsa jiki tare da sabon abokin kasuwancinsa Richard Rubinstein.

A wannan tsakanin ne wata ƙungiyar agaji ta cocin Lutheran ta ba shi aikin fim ɗin faɗakarwa kan wulaƙanta tsofaffi. Ya kawo musu The Amusement Park, inda wani dattijo mai fararen kaya ya shiga filin wasa, aka yi ta ture shi, ana cutarsa, ana yi kamar ba a gan shi ba, har ya fito jina-jina. Fim ɗin ya shige akwati, ba a sake jin ɗuriyarsa ba sai bayan shekaru fiye da arba'in, aka gyara shi aka fitar bayan rasuwar Romero.

Martin na 1977 shi ne wanda ya fi so a duk fina-finansa. Wani saurayi ne mai kunya da ya yi imani shi mashayin jini ne mai shekara 84. Ba ya da fiƙa, ba ya tsoron rana, allurar barci da reza yake amfani da su. Wani tsoho ɗan'uwansa da ya yarda da la'anar gado ya ɗauke shi ya zauna da shi a Braddock, garin da masana'antunsa ke mutuwa. Har fim ya ƙare ba a ce ga gaskiya ba, ko dodo ne ko mai taɓin hankali da danginsa suka cusa wa labari. A wannan fim ne ya fara aiki da Tom Savini, wanda ya yi aikin ɗaukar hoto a yaƙin Biyetnam, ya ga raunuka na gaske, ya dawo ya zama gwanin ƙera na ƙarya.

Kasuwa da rami

Wani abokinsa ya zagaya da shi Monroeville Mall, katafaren rukunin kantuna a wajen Pittsburgh, irin ginin da a lokacin sabon abu ne a Amurka. Nan tunanin Dawn of the Dead ya zo masa. Daraktan Italiya Dario Argento ya gayyace shi Roma ya rubuta labarin, ya taimaka da kuɗi, a madadin haka ya karɓi ikon haɗa nasa kwafin don Turai. An ɗauki fim ɗin daga ƙarshen 1977 zuwa farkon 1978, da dare bayan an rufe kantuna, a kwashe komai kafin masu sayayya su dawo da safe. Lokacin Kirsimeti dole aka dakata, domin cire kayan adon bikin da mayar da su kowane dare ya fi ƙarfinsu.

Mutum huɗu ne suka tsere a jirgi mai saukar ungulu suka sauka a kan rufin kasuwar, suka kore gawawwakin, suka toshe ƙofofi da manyan motoci. Sai ga su da duk abin da ido ke so: tufafi, abinci, bindigogi, kuɗin banki da ba su da sauran amfani. Mafi kyawun ɓangaren fim ɗin shi ne tsakiyarsa, inda babu abin da ke faruwa sai ƙoshi da gundura, suna cin abinci mai tsada ba mai yi wa wani magana. A waje kuma gawawwaki na ta dafa gilashi, domin abin da suka saba yi ke nan suna da rai. Ba gawawwakin ne suka rushe wannan zama ba, gungun ƴan fashi ne a kan babura, da kuma ɗaya daga cikin huɗun da ya kasa jure ganin ana taɓa kayan da ya ɗauka nasa ne. A nan ma jarumin da ya tsira baƙar fata ne, Ken Foree, tare da mace mai ciki.

Hukumar kasa fina-finai ta so ta ba shi alamar da ake ba fina-finan batsa saboda yawan jini. Romero da Rubinstein suka ƙi yankewa, suka fitar da shi ba alama, abin da ke nufin jaridu da yawa ba za su karɓi tallarsa ba. Duk da haka ya tara kimanin dala miliyan 55. A Italiya an sa masa suna Zombi, har Lucio Fulci ya yi sauri ya fitar da nasa fim a 1979 da sunan Zombi 2, alhali babu abin da ya haɗa su. A Faransa masu tace fina-finai sun riƙe shi, sai 1983 ya fito da sunan Zombie.

Nasarar ta ba shi damar yin Knightriders a 1981, labarin ƴan wasan babura masu rayuwa bisa ƙa'idar jaruman da, da shugabansu da ke ƙin sayar da kansa ga masu talla. Ba a buƙatar dogon nazari a gane kansa yake nufi. Creepshow na 1982, wanda Stephen King ya rubuta, ya yi kasuwa sosai.

Day of the Dead na 1985 ya sake nuna halinsa. An yi masa tayin dala miliyan 7 idan zai rage jini yadda matasa za su iya shiga, ko rabin haka idan ya ƙi. Ya ɗauki miliyan uku da rabi, ya sake rubuta labarin ya ƙanƙance shi. Aka ɗauka a wani tsohon ramin haƙar dutse a Wampum, inda sojoji da masana kimiyya ke maƙale suna cin naman juna da baki, wani likita kuma yana horar da wata gawa mai suna Bub har ta tuna yadda ake sara wa hafsa. Ladan waɗanda suka fito a matsayin gawawwaki shi ne hula da jaridar da aka buga don fim ɗin da dala ɗaya. Masu kallo na lokacin sun ga ya cika ihu da baƙin rai, suka fi son The Return of the Living Dead mai ban dariya da ya fito a shekarar, wanda ya samo asali daga labarin tsohon abokinsa Russo. Daga wancan fim ne, ba daga Romero ba, aka samo zancen cewa zombi ƙwaƙwalwa yake ci. Sai a zamanin kaset Day of the Dead ya sami masoyansa.

Hollywood da Toronto

Mu'amalarsa da manyan kamfanoni ba ta yi daɗi ba. A Monkey Shines na 1988 kamfanin Orion ya sa an canza ƙarshen fim ɗin. The Dark Half ya kwana biyu a ajiye saboda kamfanin ya faɗa fatara, sai 1993 ya fito. A 1990 ya sake rubuta Night of the Living Dead, Savini ya ba da umarni, da niyyar tsofaffin masu jari su sami wani abu a wannan karon, ya kuma mayar da Barbra mace mai riƙe bindiga maimakon wadda tsoro ya kashe wa baki. Sauran shekarun 1990 sun tafi a rubuta fina-finan da ba a yi ba. An biya shi ya rubuta The Mummy, aka ba wani. Ya yi tallan wasan bidiyo na Resident Evil 2 don Japan, wasan da kowa ya san daga ina ya kwaso gawawwakinsa, aka ce ya rubuta fim ɗin, sannan aka ƙi rubutun. Bruiser na 2000, wanda kuɗin Faransa ya ɗauki nauyinsa, bai ko shiga gidajen silima na Amurka yadda ya kamata ba.

Almajiransa ne suka sake buɗe masa ƙofa. Bayan 28 Days Later na 2002, da sabon Dawn of the Dead na Zack Snyder da Shaun of the Dead a 2004, kamfanin Universal ya ba shi jari mafi girma a rayuwarsa don Land of the Dead na 2005. Attajirai suna zaune a dogon bene mai suna Fiddler's Green, talakawa a titi ana shagaltar da su da caca, gawawwaki kuma, ƙarƙashin wani baƙin mai sayar da man fetur, sun fara koyon haɗa kai. Labarin Pittsburgh ne, amma a Toronto aka ɗauka don sauƙin kuɗi. Can ya koma da zama, ya karɓi takardar zama ɗan Kanada a 2009. Fina-finansa biyu na ƙarshe, Diary of the Dead na 2007 da Survival of the Dead na 2009, ya koma ƙaramin jari da cikakken iko. Ba su kai na da ba, wa'azin da a baya yake ɓoye cikin labari ya fito fili, ko da yake na farkon ya hango zamanin da mutum zai ga haɗari ya zaro waya yana ɗauka maimakon ya kai hannu.

Bai yarda da gawa mai gudu ba, yakan ce idon sawunta zai karye. An gayyace shi ya ba da umarni a shirin The Walking Dead ya ƙi, ya ce wasan kwaikwayon iyali ne da ake ɗan jefa zombi a ciki. Ya kuma yi ƙorafin cewa shirin da World War Z na 2013 sun sa ba mai ba shi kuɗin ƙaramin fim, domin masu jari sun saba da zombi na ɗaruruwan miliyoyi.

Dogon mutum ne ƙwarai, mai furfurar gemu da manyan tabarau masu baƙin baki da suka zama alamarsa. Ya yi aure sau uku, matarsa ta biyu Christine Forrest ta fito a fina-finansa da dama. Ciwon dajin huhu ne ajalinsa yana da shekara 77, matarsa Suzanne Desrocher da ƴarsa Tina suna gefensa, ana kunna masa kiɗan fim ɗin The Quiet Man na 1952. A watan Oktoba na shekarar aka sa tauraronsa a titin fitattu na Hollywood. Jami'ar Pittsburgh ta karɓi takardunsa da rubuce-rubucen fina-finan da bai samu yi ba a 2019, littafin da ya bari bai gama ba kuma, The Living Dead, Daniel Kraus ya kammala shi ya fito a 2020.